Jon Bing

Jon Bing (1944–2014) marubuci ne ɗan ƙasar Norwe kuma farfesan shari'a a Jami'ar Oslo. Shi da abokinsa Tor Åge Bringsværd ne suka kafa tubalin ƙagaggun labaran kimiyya na zamani a harshen ƙasarsu. An haife shi a garin Tønsberg ranar 30 ga Afrilu, 1944, ya girma a Trondheim, ya rasu ranar 14 ga Janairu, 2014.

Yana ɗalibi a Oslo suka haɗu da Bringsværd, dukansu suna cikin ƙungiyar masu sha'awar irin waɗannan labarai mai suna Aniara. A lokacin manazarta adabi ba sa ɗaukar labarin taurari da na'urori da wata daraja. A 1967 suka fitar da littafinsu na farko, tarin gajerun labarai mai suna Rundt solen i ring, sannan suka duƙufa wajen tacewa da fassara ayyukan marubutan ƙetare. Tare kuma suka rubuta Blindpassasjer, wasan talabijin mai kashi uku da gidan talabijin na ƙasar Norwe, NRK, ya nuna a 1978, kan wata halitta da ta saje da ma'aikatan jirgin sararin samaniya.

Aikin da ya fi fito da tunanin Bing shi ne jerin littattafai huɗu na matasa kan jirgin sararin samaniya mai suna Alexandria: Azur (1975), Zalt (1976), Mizt (1982) da Tanz (1985). Jirgin ba na yaƙi ba ne, ɗakin karatu ne mai yawo tsakanin duniyoyin da 'yan Adam suka bazu a cikinsu har suka manta da juna. Ma'aikatansa suna tattara ilimin kowace al'umma, su kai wa wadda ta rasa. A fagen da aka saba da jarumi mai makami, Bing ya ɗora nauyin labari a kan masu adana littattafai, kuma zaɓin ya dace da mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana tambayar wa ke riƙe da bayanai, wa kuma aka hana.

Tambayar ce dai ya bi a jami'a. A 1970 ya taimaka wa Farfesa Knut Selmer wajen kafa cibiyar binciken kwamfuta da shari'a a Oslo, ɗaya daga cikin na farko a duniya, tun kwamfuta ba ta shiga gidajen mutane ba. Ya samu digirin digirgir a 1982, ya zama farfesa a 1988. Ya yi rubutu kan kare sirrin mutane, haƙƙin mallakar fasaha, da hanyoyin lalubo dokoki da hukunce-hukunce ta kwamfuta.

Ya shugabanci Majalisar Al'adu ta Norwe daga 1993 zuwa 2000, kuma an karrama shi da lambar girma ta St. Olav a 1999.