Fasfo, rahoto da Fatakwal: daga ina "port" ya shigo Turanci?

Fasfo, rahoto, Fatakwal. In ka ji su a bakin Bahaushe ba za ka ce akwai abin da ya haɗa su ba. Amma in aka mayar da su Turancin da aka aro su, wato passport da report da Port Harcourt, sai ka ga haruffa huɗu suna ta dawowa: p, o, r, t. Hausa ba ta da sautin p na kanta, shi ya sa ya koma f a fasfo da Fatakwal, ya zarce har zuwa h a rahoto, kamar yadda wasu ke cewa fuɗu wasu kuma huɗu.

Kalmomin Turanci masu ɗauke da waɗannan haruffa suna da yawa, kuma ɗalibai kan ɗauka duk ma'anarsu daga wuri guda ta fito. Ba haka ba ne. Kalmomin Latin uku ne suka haifi yawancinsu, akwai kuma 'yan kaɗan da kama ce kawai ta sa suka shiga sahu.

Wadda ta fi 'ya'ya ita ce portare, ma'anarta ɗauka ko dako. Duk inda ka ga an liƙa wa port wani ɗan gaɓa a gaba, to yawanci ita ce, kuma gaɓar ce ke nuna inda za a kai kayan. Import shigo da kaya, export fitar da su, transport ƙetarar da su daga wani wuri zuwa wani. Report asalinsa ɗauko abu a dawo da shi, wato ɗan aike ya je ya gano ya komo da labari. Ɗan jarida mai kawo rahoto dako yake yi, kayansa ne kawai ba a gani. Support kuwa ɗauka daga ƙasa, tallafawa ke nan. Portable abin da za a iya ɗauka a hannu. Portfolio ta biyo ta Italiyanci, jakar ɗaukar takardu ce, daga nan aka miƙa ta zuwa ma'aikatar da aka ɗora wa minista, har ake cewa wane minista ne marar ma'aikata. Da yawa cikin waɗannan ba kai tsaye suka shiga Turanci ba, ta Faransanci suka bi, bayan Normandawa, mutanen arewacin Faransa, sun ci Ingila da yaƙi a 1066, Faransanci ya zama harshen fada da kotu tsawon ƙarnuka.

Biyu daga cikin dangin nan suna da tarihi mai ɗaci. A Ingila ta da, in alƙali ya yanke wa mutum hukuncin transportation, ba kuɗin mota ake nufi ba, korarsa za a yi zuwa wata nahiya ya yi aikin bauta. Tsakanin 1788 da 1868 an kwashe fursunoni sama da 160,000 zuwa Ostireliya ta wannan hanya. Ɗayar ita ce deport, abin da muke kira tisa ƙeya. Dattawan Borno ba su manta da 1980 ba, lokacin da gwamnatin Shehu Shagari ta kwashi Shugaba Abdurrahman Darman, shugaban masu rinjaye a majalisar dokokin jihar, ta kai shi Chadi bisa zargin ba ɗan Najeriya ba ne, daga baya kotu ta ce ɗan ƙasa ne.

Akwai kuma waɗanda ba za ka taɓa zaton 'ya'yan dako ba ne. Sport, wato wasanni, guntun disport ne, daga tsohon Faransanci, kuma ma'anarsa ta farko ɗauke mutum daga aikinsa, ɗauke masa hankali ya ɗan huta. Kafin kalmar ta zama ta ƙwallo da guje-guje, duk wani abin nishaɗi ana iya kiransa da ita. Important ma 'yar ɗaki ɗaya ce da import: abin da ya shigo da wani sakamako, abin da ke ɗauke da nauyi. Mu ma in magana ta girmama cewa muke ta yi nauyi.

Ta biyu ita ce portus, tashar jiragen ruwa. Wannan ta daɗe da isa Ingila, tana cikin tsohon Turanci tun kafin zuwan Normandawa, ita ce ke cikin sunayen garuruwa irin su Portsmouth da Newport. Sunan ƙasar Fotugal kansa daga Portus Cale yake, wata tsohuwar tasha a bakin kogin Douro inda birnin Porto yake yau. Porto-Novo, babban birnin Jamhuriyar Benin, Turawan Fotugal ne suka raɗa masa suna, ma'anarsa sabuwar tasha. Port Sudan an kafa ta a 1905 don ta maye gurbin Suwakin, wadda manyan jirage ke wahalar shiga. Ita kuwa Fatakwal an kafa ta a 1912 domin a riƙa fitar da kwal ɗin yankin Enugu, a 1913 Gwamna Lugga ya sa mata sunan Lewis Harcourt, ministan ƙasashen mulkin mallaka na Birtaniya a lokacin. Don haka babu ruwan sunan da fatake, ko da yake fataken namu sun daɗe suna kai shanu da albasa can, haka ma "kwal" ɗin da ke ƙarshensa ba gawayin Enugu ba ne, sunan Bature ne harshe ya murɗa.

Da jirgin sama ya zo a farkon ƙarni na 20, Turawa ba su ƙirƙiri sabuwar kalma ba, sai suka ari ta masu jirgin ruwa suka ce airport. Passport daga Faransanci take, izinin wucewa ta tasha, ko da yake wasu masana na ganin ƙofar gari ake nufi. Wadda ta fi ba ni sha'awa a wannan ɗaki ita ce opportunity, dama. Romawa suna cewa iska opportunus ce in ta kaɗo ta nufi tasha. A zamanin da jirgi ba shi da inji sai filafilai, matuƙi kan yi kwanaki yana hango gaɓa bai isa ba, yana jiran iskar da za ta tura shi ciki. In ta taso bai bi ta ba, sai kuma wani jiƙon.

Har gefen hagu na jirgin ruwa port ake ce masa. Tsoffin jirage ana ɗaura musu abin tuƙi a gefen dama, don haka da gefen hagu suke raɓar tasha. Da can larboard ake cewa, amma ta yi kama da starboard, gefen dama, kuma cikin hadari da ƙugin iska kuskuren ji ɗaya ya isa ya halaka jirgi. Rundunar ruwan Birtaniya ta soke ta a 1844.

Ta uku porta, ƙofa. Daga nan aka samu portal, wadda a da babbar ƙofar gini ce, yanzu kuma duk ɗalibin da ya taɓa rajistar jarrabawa ko duba sakamako a intanet ya san ta, musamman ranar da ta ƙi buɗewa. Ramin da ake soka kebul a jikin kwamfuta ko waya shi ma ƙofa ce. Turawa sun riƙa kiran gwamnatin Daular Usmaniyya Sublime Porte, fassarar Babul Ali, maɗaukakiyar ƙofa, kamar dai yadda ake cewa ƙofar sarki ana nufin fada.

A nan ake samun rikici. Porter kalmomi biyu ne masu rubutu ɗaya: ɗan dako a tashar jirgin ƙasa daga portare yake, mai gadin ƙofar ɗakunan kwanan ɗalibai a jami'a daga porta. Haka nan da Hukumar Sadarwa ta Najeriya ta ba da damar sauya kamfanin waya ba tare da sauya lamba ba a Afrilun 2013, abin da ake kira porting, ba ƙofa ake nufi ba, ɗaukar lambar ake yi a kai ta wani gida. Masana harshe suna ganin duk ukun, dako da tasha da ƙofa, sun gangaro ne daga wani tsohon saiwa guda mai ma'anar wucewa ko ƙetarewa, wanda kuma shi ya ba Turanci ford, mashigi, da ferry, jirgin fito, ta ɓangaren harsunan dangin Jamusanci.

Saura baƙin da suka shiga sahu. Portion da proportion, kaso da daidaiton kaso, daga portio suke, wadda ake dangantawa da pars, wato ɓangare. Portrait da portray, zanen mutum da siffanta shi, a wani wuri daban ake yanka su: por ne da trait, daga protrahere, jawo abu fili, danginsu tractor ne da attract. Portent, alamar wani abu mai zuwa, ita ma por ce da tendere, miƙawa, 'yar'uwar extend da tent. A cikin waɗannan biyun na ƙarshe harafin t ba na port ba ne sam, farkon gaɓa ta biyu ne.