Maganin kumburin furostet da tururi

Hanya ce ta rage girman furostet, ƙullutun da ke ƙasan mafitsarar namiji, ta hanyar fesa masa tururin ruwa a ciki. Kamfanin NxThera na jihar Minesota a Amurka ne ya ƙera na'urar, mai suna Rezum. Hukumar kula da abinci da magunguna ta ƙasar ta amince da ita a 2015, sannan kamfanin Boston Scientific ya sayi NxThera a 2018.

Furostet ya kewaye hanyar fitsari ne, don haka idan ya girma da shekaru sai ya shaƙe ta. Fitsari ya riƙa fita da ƙyar, a tashi sau da yawa cikin dare, a gama tsarki kuma ɗigo ya biyo baya. 

Likita kan zura siririn bututu mai kyamara ta mazakuta, ya soka ƙaramar allura cikin naman da ya yi yawa, ya saki tururi mai zafin digiri 103 a ma'aunin Celsius na daƙiƙa 9 a kowane wuri. Naman da tururin ya taɓa yakan mutu, jiki ya shanye shi sannu a hankali. Galibi a ranar ake sallama, da robar fitsari ta 'yan kwanaki. Sai dai aikin na son haƙuri: makonnin farko akwai zafin fitsari da ɗan jini, sauƙin kuma bai cika bayyana sosai ba sai kusan wata 3.

An fi yi wa masu shekara 50 zuwa sama, waɗanda girman furostet ɗinsu ke tsakanin giram 30 da 80. Wajen buɗe hanya bai kai tiyatar kankare furostet ƙarfi ba. Fifikonsa yana wani wajen: bayan kankarewa, yawancin maza maniyyinsu kan koma cikin mafitsara, da tururi kuwa ba kasafai ba, abin da magidanci zai so ya tambaya amma kunya ta hana shi. A gwajin da aka yi da maza 197 a Amurka, kashi 4.4 cikin 100 na waɗanda aka yi wa ne suka sake buƙatar aiki cikin shekara 5.

Wannan aikin ba ya maganin ciwon daji (kansa), shi ya sa ake fara gwajin jini na PSA, mai taimakawa wajen gano alamun cutar a furostet, kafin a yanke shawara.