Wa ke biyan kuɗin duwan a kan buhun shinkafa?

An daɗe ana faɗa a Maraɗi cewa in gwamnati ta ƙara harajin shigo da kaya, ƙasar da ta aiko kayan ce ke shan wuya, ko kuma manyan alhazai masu kwantena. Ba haka lamarin yake ba. Mai shinkafa a Indiya kuɗin kayansa yake karɓa, ba shi ke biyan harajin ba. Wanda ke tsayawa gaban ƴan duwan, wato jami'an kwastan, shi ne ɗan kasuwar da ya yi oda, shi kuwa ba sadaka ya fito yi ba. Zai ɗora a kan buhu, mai sari ya ɗora nasa, har abin ya sauko kan matar da ke awon tiya guda da yamma.

Ga wani abin da ba a cika lura da shi ba: harajin kaso ne na darajar kaya haɗe da kuɗin dako da inshora. Tun da aka rufe iyakar Benin a 2023, manyan motoci suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, dako ya yi tsada, abin da ake lissafa haraji a kansa ma ya hau.

Shinkafar gida ma ba ta tsira ba, don da ta waje ta tashi, sai mai ta gida ya bi sahu. Wani sa'in alhajin kan haƙura da wani ɓangare na ribarsa in kasuwa ta yi sanyi, amma ba ya jimawa a haka.