Ilimin Ƙirar Jiki da Aikin Gaɓoɓi ga Ɗaliban Injiniyancin Na'urorin Asibiti

Ilimin ƙirar jiki, wato anatomi, shi ne sanin sassan jikin ɗan Adam: siffarsu, mazauninsu da yadda suke haɗe da juna. Fisiyoloji kuwa yana bayanin yadda sassan suke aiki. Darussan biyu ginshiƙi ne ga masu karatun likita, kuma ana koyar da su ga ɗaliban injiniyancin na'urorin asibiti, waɗanda aikinsu shi ne ƙera da gyara kayan awo da na jinya, tun daga kwalbar bakwaini har injin wankin ƙoda.

Fannin ya daɗe. Ibn al-Nafis, likitan da ya yi aiki a Alƙahira a ƙarni na 13, ya bayyana yadda jini ke bi ta huhu kafin ya koma zuciya. Andreas Vesalius ya wallafa zane-zanen jikin mutum a 1543, William Harvey na Ingila kuma ya yi bayanin zagayen jini a 1628.

Bukatar injiniya ta sha bamban da ta likita. Mai karatun likita yana feɗe gawa, yana haddace sunan kowace jijiya da tsoka. Injiniya galibi ya fi aiki da kwarangwal, gumakan roba da hotunan cikin jiki. Sanin cewa baligi yana da ƙasusuwa 206 ba ya isarsa. Abin da yake nema shi ne nauyin da ƙashin cinya ke ɗauka a kowane taku, don da shi ake auna ƙarfen da za a dasa. Shi ya sa fisiyoloji mai lissafi ya fi masa amfani a kan hadda, kuma ɗalibin da ya ɗauki darasin a matsayin na cike gurbi yakan sha wuya daga baya.

Zuciya ce inda fannonin biyu suka fi cuɗanya. A lokacin hutu tana bugawa sau 60 zuwa 100 a minti, tana tura jini kusan lita 5 a kowane minti. Kowane bugu yana farawa ne da ɗan siginar lantarki daga wani gungun ƙwayoyin halitta a ɗakin sama na dama. Idan siginar ta iso fata, ƙarfinta kimanin milibolt 1 ne kawai, wato kashi 1 cikin 1,000 na bolt. Ita ce Willem Einthoven ya iya zanawa a farkon ƙarni na 20, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 1924. Ƙanƙantar siginar ce ke sa wutar gari, wadda a Nijeriya take kaɗawa sau 50 a daƙiƙa, ta ɓata layin ECG, wato zanen siginar zuciya, idan wayar da ke haɗa na'urar da ƙasa ba ta zauna daidai ba. Layin sai ya yi kauri yana rawa, kuma injiniyan da ya san surar bugun zuciya na gaskiya shi ke gane cewa laifin na waya ne, majinyacin lafiyarsa lau.

Jijiyoyin jini ma suna bin lissafi. Dokar Poiseuille ta nuna cewa idan faɗin bututu ya ragu da rabi, ruwan da ke wucewa zai koma kashi 1 cikin 16, muddin matsin bai canja ba. Daga nan ake fahimtar haɗarin toshewar jijiya, da kuma dalilin zaɓen allura mai faɗi wajen ƙarin jini na gaggawa.

Ƙodoji biyu suna tace ruwa kusan lita 180 a yini, amma fitsarin da ke fita lita 1 zuwa 2 ne, sauran jiki ke mayarwa. Injin da Willem Kolff ya ƙera a Holan a shekarun 1940 tacewar kaɗai ya kwaikwaya. Har yau injin ba ya samar da sinadarin da ƙoda ke fitarwa don ƙera jajayen ƙwayoyin jini, shi ya sa masu wankin ƙoda ke yawan fama da ƙarancin jini.

A Zariya, Jami'ar Ahmadu Bello, wadda aka kafa a 1962, tana da sassan anatomi da fisiyoloji, Asibitin Koyarwa na Shika kuma shi ne inda ake ganin irin waɗannan na'urori suna aiki a jikin majinyata. Yanayin yankin na da nasa darasi. Ƙurar hunturu tana toshe matatar injin tace iskar oksijin. Ƙaramar na'urar da ake maƙalawa a yatsa tana auna oksijin na jini ne da haske iri biyu, ja da wanda ido ba ya gani, don haka sanyin yatsa ko jan farce na iya rikita awon. Bincike ya kuma nuna takan nuna oksijin sama da na ainihi a jikin masu duhun fata, lamarin da ya wajaba duk mai ƙera ta ko gwada ta don asibitocin ƙasar Hausa ya yi la'akari da shi.