Kafin ka ɗebi jinin kowa don furojet

Da zarar 'yan ajin ƙarshe masu karatun kimiyya a Jami'ar Ahmadu Bello sun karɓi taken furojet, wato aikin binciken kammala digiri, sai a bazama neman samfur: wannan na son jinin masu zazzaɓin cizon sauro, waccan na son fitsarin masu juna biyu. Da yawa ba su san akwai doka a kan haka ba.

Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta hana yin bincike a jikin mutum sai ya amince a rubuce, bayan an bayyana masa manufar binciken da abin da zai iya jawo wa lafiyarsa. In yaro ne, sai da yardar iyaye ko mai riƙonsa. Ta kuma ce duk cibiyar da ake binciken lafiya ta kasance tana da kwamitin ɗa'a mai tantance aikin, ko kuma tana da wani kwamitin da take iya kai wa aikin. Asibitin Koyarwa na jami'ar da ke Shika yana da nasa. Izinin kwamitin nan kafin a fara ake nemansa. Wanda ya gama ɗibar jini sannan ya nufi kwamiti ya riga ya yi aika-aika.

Mu a Arewa ba ma bukatar dogon bayani kan dalili. A 1996, lokacin annobar sanƙarau, an sa yara kimanin 200 a gwajin maganin Trovan a Kano, iyaye suka ce ba a fahimtar da su ba. Har yau wannan tabon yana cikin abin da ke sa wasu gudun allurar rigakafi.

Mai burin ƙaro karatu a Ingila ko Jamus ya ƙara kula. Mujallun kimiyya na ƙwarai ba sa buga bincike a kan mutane babu shaidar izinin kwamiti, alhali aikin da aka buga yana ƙara wa mai neman tallafin karatu nauyi. In kuma malaminka na da abokin aiki a waje da za a aika wa samfur, ƙa'idar ɗa'ar binciken lafiya ta ƙasa ta 2007 ta ce sai an ƙulla yarjejeniya a rubuce kan abin da za a yi da shi. Ba a cusa shi a jaka a hau jirgi.

Takardar amincewar kuma, don Allah, a rubuta ta da Hausa. Tsohuwar da ta zo daga Giwa a karanta mata a tsanake, a gaya mata tana da damar cewa a'a ba tare da an fasa duba ta ba, sannan ta dangwala.