Canjin Tayar Babur: Tambayoyin da Mahaya Suka Fi Yi

Duk mai bin hanyar burji a ƙasar Ringim ko Gumel ya san taya ke riga inji gajiya. Ga ƙayar aduwa, ga rairayi da rani, ga taɓo da damina, sannan ranar Alhamis a ɗaura buhun gero biyu a nufi kasuwar Maigatari.

Yaushe zan san taya ta gama aiki?

Ba sai ta fashe ba. A cikin ramin zanenta akwai ɗan tudu ƙarami, galibi da alamar TWI a gefe daidai wurin. In zanen ya cinye har ya zo daidai da tudun nan, ta gama. Haka in gefenta ya tsattsage kamar faso, ko ta yi kumburi a wuri ɗaya. Mai kumburi kam, ko zuwa masallacin Juma'a ban yarda a hau ta ba.

Na ga ta gwanjo da zane mai kyau, kuma da araha. In saya?

Zane ba ya faɗin shekaru. Nemi lambobi huɗu da ke jikinta a gefe: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. In ka ga 2523, an yi ta a mako na 25 na 2023. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC tana jan kunnen mutane kan tayar da ta haura shekara 4. Roba tana bushewa ko ba a taɓa hawanta ba, balle wadda ta daɗe rataye a rana a bakin shago. Ka kuma duba girma: 3.00-17 na nufin faɗin inci 3 a kan rim mai inci 17. Mai 18 ba ta shiga rim mai 17, kada wani ya ce maka "za ta zauna".

Zan iya canjawa da kaina, ba sai na je wurin mai faci ba?

Za ka iya, in kana da liba (ƙarfen ɓanɓare taya) biyu, sifana da famfo. Ka tsayar da babur a wuri mai tauri, ba kan yashi ba, ka jira salansa ta huce, sannan ka cire ƙafar. Kayan da ka kwance ka jera su a kan buhu bi da bi yadda suka fito, domin ƙaramin ƙarfe guda in ya ɓuya a ƙasa, aiki ya tsaya.

Sace iskar gaba ɗaya. Tura bakin tayar cikin kwarin tsakiyar rim ta ɓangare ɗaya, ka ɗaga ɗaya ɓangaren da liba kaɗan-kaɗan. In ka ji kana kokawa da ita, bakin bai faɗa kwarin ba ne, ƙarfi ba zai yi maganinsa ba. Shafa cikin tayar a hankali ka nemo ƙaya ko ƙusa, ka duba robar da ta rufe kawunan wayoyin rim. Mutane da yawa sun sa sabon tif, kafin su kai bakin gari ƙayar jiya ta sake huda shi.

Sa wa tif iska kaɗan kafin ka cusa shi, don kada liba ta cije shi. Ruwan sabulu za ka shafa a bakin tayar, ba baƙin mai ba, mai yana cin roba. In akwai kibiya a jikin tayar, ta fuskanci inda ƙafar ke juyawa.

Iska nawa?

Abin da kamfani ya rubuta, a littafin babur ko a takardar da ke manne kusa da sarƙa. Ƙananan baburan da muke hawa galibi, a ma'aunin iska na PSI, 25 ne a gaba, 28 zuwa 32 a baya gwargwadon kaya. A auna da geji tun taya na da sanyi. Matsawa da babban yatsa ba awo ba ne. Wanda ya rage iska don ya ratsa rairayi, ya mayar da ita da ya hau kwalta.

Na mayar da ƙafa, shi ke nan?

A nan ne na fi jin tsoro, domin nan gaggawa take shigowa, rana ta yi, fasinja na jira. Daidaita sarƙa ta ɓangarori biyu na ƙafar baya, kowanne a kan zanen awo iri ɗaya, ka bar mata sassauci kamar santimita 2 zuwa 3. Ɗaure babban noti sosai, ka mayar da ɗan fil ɗin da ke hana shi kwancewa in babur ɗinka na da shi. Sandar birki da ƙarfen da ke riƙe farantin birki, taɓa kowanne da hannunka. Juya ƙafar ka taka birki ka ga ta tsaya cak. Sabuwar taya tana da santsi, don haka kilomita 100 na farko ka bi kwana a hankali, kuma washegari da safe ka sake sa sifana a kan notin kafin ka ɗauki kowa.