Masana'antun Turkiyya a Falasɗinu: Tambayoyi da Amsoshi

Turkiyya na cikin ƙasashen da suka amince da ƙasar Falasɗinu tun ranar da aka ayyana ta, 15 ga Nuwamban 1988. 'Yan kasuwarta kuma tun 2005 suke fafutukar kafa masana'antu a can, amma har yau maganar ta fi yawa a takarda.

Wa ya fara kawo wannan shawara?

Ƙungiyar TOBB ce, uwar cibiyoyin ciniki da masana'antu ta Turkiyya, ƙarƙashin shugabanta Rifat Hisarcıklıoğlu. A watan Afrilun 2005 ta tara 'yan kasuwar Falasɗinu da masu masana'antun Isra'ila a Ankara, aka kafa abin da ake kira Dandalin Ankara. Tunaninsu shi ne tunda 'yan siyasa sun kasa sasantawa, bari masu neman riba su gwada. Suka raɗa wa shirin suna "Masana'antu Domin Zaman Lafiya". Turkawa sun zo da abin da suka ƙware a kai, wato keɓe fili guda, a kai masa wuta da ruwa da hanya, sannan a yanka wa masu masana'antu. Tun farkon shekarun 1960 suka fara irin wannan a Bursa, kuma ya yi musu rana.

A ina aka fara gwadawa?

A Erez, bakin iyakar arewacin Zirin Gaza. Akwai tsohuwar unguwar masana'antu a wurin, wadda Falasɗinawa wajen 4,000 ke cin abinci a cikinta kafin Isra'ila ta rufe ta a 2004. Da Isra'ila ta kwashe sojojinta da 'yan kama-wuri-zauna daga Gaza a 2005, sai Turkiyya ta ce za ta farfaɗo da wurin. Abdullah Gül, ministan harkokin wajenta a lokacin, ya sa hannu da ɓangarorin biyu a farkon Janairun 2006. Kafin watan ya ƙare Hamas ta ci zaɓe, a watan Yunin 2007 ta karɓe iko da Gaza, Isra'ila ta ƙulle zirin. Shi ke nan, Erez ta bi ruwa.

Daga nan fa?

Sai aka karkata zuwa Yammacin Kogin Jordan. A watan Nuwamban 2007 shugaban Falasɗinawa Mahmud Abbas da shugaban ƙasar Isra'ila na lokacin Shimon Peres suka je Ankara, kowannensu ya yi jawabi a majalisar dokokin Turkiyya, aka kuma sa hannu kan sabuwar sanarwa. An fara ambaton Tarƙumiya kusa da Hebron, amma daga ƙarshe Jenin aka tsayar, dab da mashigar Jalama ta shiga Isra'ila. A 2010 kamfanin TOBB-BIS, na ƙungiyar TOBB, ya ƙulla yarjejeniya da hukumar Falasɗinu mai kula da unguwannin masana'antu, Jamus kuma ta ɗauki nauyin hanya da wuta da ruwa ta hannun bankinta na KfW. Ba Turkiyya kaɗai ke irin wannan aiki ba: Japan na tallafa wa na Jericho, Faransa na Baitalahmi. Sai dai na Jenin ya yi tafiyar hawainiya. A shekarar da aka sa hannu ne sojojin Isra'ila suka far wa Mavi Marmara, jirgin ruwan 'yan agajin Turkiyya da ya nufi Gaza, ranar 31 ga Mayu, suka kashe mutum 9 nan take, dangantakar Ankara da Tel Aviv ta yi tsami har 2016. Shekara 10 bayan yarjejeniyar, ba a kai ga jin ƙarar injina a filin ba.

Me ɗan kasuwar Turkiyya ke hange a wurin? Ko tausayi ne kawai?

Akwai tausayi, akwai siyasa, akwai kuma lissafi. Kayan da aka ƙera a Yammacin Kogin Jordan da Gaza sun samu damar shiga Amurka ba haraji a 1996, kayan masana'antu kuma suna shiga Tarayyar Turai haka nan bisa yarjejeniyar 1997. Ga matasa masu ilimi da ke zaman kashe wando. Mai masaƙa a Gaziantep zai iya ganin riba a nan, in dai yana da tabbacin kayansa za su fita ranar da ya yi wa mai saye alkawari.

To me ke hana kayan fita?

Nan ne gizo ke saƙar. Falasɗinu ba ta da tashar jiragen ruwa ta kasuwanci, ba ta da filin jirgin sama mai aiki, ba ta riƙe da ko mashiga ɗaya ta ƙasa da ƙasa. Yarjejeniyar Paris ta 1994 ta ɗaure tattalin arzikinta da na Isra'ila cikin tsarin kwastan guda. Kwantenar da ta taso daga tashar Mersin ta Turkiyya sai ta sauka a Ashdod ko Haifa, tashoshin Isra'ila. Jami'an Isra'ila ne ke bincikenta, su ne ke karɓar harajin, su cire kashi 3 cikin 100 ladan aiki, sannan su miƙa wa Hukumar Falasɗinu saura. Wannan kuɗi ya kai kusan kashi biyu cikin uku na abin da hukumar ke samu, kuma an sha riƙe shi duk lokacin da siyasa ta ɗau zafi.

Ɗan kasuwar Maraɗi da ya ga yadda kaya suka maƙale a Kwatano bayan juyin mulkin 2023 zai fahimci wani ɓangare na abin, sai dai Nijar ita ke karɓar kwastanta da hannunta, tana kuma da wata hanyar ta Lome.

Bayan tashar ruwa, akwai mashigai. Motar Falasɗinawa ba ta wucewa da lodi. Sai a sauke kayan, a bincika, a sake loda su a wata motar ta ɗaya ɓangaren, kowane sauke-lodi da kuɗinsa da ɓarnarsa. Ta gabas kuma, gadar Sarki Husaini zuwa Jordan ita ma a hannun Isra'ila take. Ga jerin kayan da ake cewa za a iya sarrafa su don yaƙi, wanda ya haɗa da wasu sinadarai da takin zamani da injina, su kuma sai da izini na musamman. A ganina wannan ne ainihin abin da ya danne shirin. Turkiyya na iya kawo jari da injiniyoyi, amma makullin ƙofa ba ya hannunta, ba ya hannun mai masaukinta.

Falasɗinawa duk sun yi na'am da shirin?

A'a. Filin Jenin, wanda ya haura dunam 900, wato sama da hekta 90, yana cikin kwarin Marj Ibn Amir, ƙasar noma mafi albarka a yankin. Wasu manoma sun ƙi karɓar diyya, har aka je kotu. Wasu masana kuma na cewa irin waɗannan unguwanni, da ake dasawa a bakin shingaye, gyara wa mamaya zama suke yi: a ba mutum aikin leburanci, a bar maganar ƙasa. Masu goyon baya su ce mai iyali ba zai jira sulhu kafin ya ciyar da 'ya'yansa ba. Kowanne da hujjarsa. Abin da ba a jayayya a kai shi ne kusan kashi 60 cikin 100 na Yammacin Kogin Jordan yana ƙarƙashin cikakken ikon Isra'ila, kuma Bankin Duniya ya ƙiyasta a 2013 cewa takurawar da ake yi a wannan yanki na jawo asarar dala biliyan 3.4 a shekara.

Da Turkiyya ta yanke ciniki da Isra'ila a 2024, me ya faru da kayan Falasɗinawa?

A watan Afrilu ta fara hana fitar da nau'in kaya 54, har da siminti da ƙarfe. Ranar 2 ga Mayu ta dakatar da cinikin baki ɗaya, cinikin da ya kusa dala biliyan 7 a 2023. Nan take 'yan kasuwar Nablus da Hebron suka shiga tsaka mai wuya, don nasu kayan ma ta Haifa da Ashdod suke bi. Sai aka fito da tsarin da ma'aikatar tattalin arzikin Falasɗinu za ta tantance mai shigo da kaya kafin Turkiyya ta sake su. Alƙaluman kayan da ake rubutawa da sunan Falasɗinu suka yi tashin gwauron zabo, 'yan adawa a Turkiyya suka ce wasu na fakewa da sunan ne su kai wa Isra'ila. Gwamnati ta musanta.

Ita Falasɗinu me take sayar wa Turkiyya?

Kaɗan ne ƙwarai idan aka gwada da abin da take saye. Akwai yarjejeniyar ciniki maras shinge da aka sa wa hannu a 2004, ta fara aiki a 2005, amma kayan Turkiyya ne suka cika shaguna: abinci, tufafi, ƙarfe, kayan gini. Abin da ya fi fita shi ne dabinon Majhul na Jericho da kwarin Jordan, wanda Turkiyya ta ware wa kaso na shiga ba haraji, ta kuma ƙara yawan kason fiye da sau ɗaya. Shi ma dabinon sai ya bi ta gadar Sarki Husaini ko tashoshin Isra'ila kafin ya isa kasuwannin Istanbul gabanin azumi.